Ba a Miƙa Barkono Hannu da Hannu

Ku da kuka cika min waya tun ranar Asabar, "Jovelle, ya zo ko bai zo ba, Jovelle, kin mutu ne," ku yi haƙuri, ba jan aji nake yi ba. Yatsuna ne suka kwana biyu suna raɗaɗi, ko gilashin waya na taɓa sai na hura su. Yau sun lafa, to ku gyara zama. Wadda ta shigo yanzu ba ta san inda aka kwana ba kuma, matso in gutsura miki.

Ni 'yar Moruga ce, wani garin masunta a kudancin tsibirin Trinidad, ina aiki a wani kantin magani a garin Princes Town. Mu uku ne a gidanmu, duk mata: ni, da Mami, da kakata Ma Philo wadda ta haifi Dadi. Sai kuma wanda nake so, Kerwin, mai gyaran injin jiragen kamun kifi a bakin teku. Giya ba ta taɓa kayar da shi a kwata ba, ba shi da 'ya'ya a warwatse a gari, haƙoransa ma a cike suke. A garinmu wannan kaɗai ya isa uwa ta fara neman tela. Amma Mami ta ce muddin tana numfashi ba zai taka matakalar gidanta ba, kuma laifinsa ɗaya ne tak: ɗan Mis Odette ne.

Mami da Mis Odette tare suka tashi, tare suka sha bulala a makaranta, kuma duk damina idan mangwaro ya ƙosa tare suke haɗa yajin kwalba, niƙaƙƙen barkono mai ruwa-ruwa, a ƙarƙashin gidanmu da ke tsaye kan dogayen ginshiƙai, kowace da kujerarta. Ina shekara sha biyar Dadi ya fita kamun kifi a jirgin Mista Hollis, mijin Mis Odette. Inji ya mutu musu a tsakiyar teku, iska ta taso, jirgi ya kife. Mista Hollis ya dawo da ransa. Dadi kuwa sai daga baya teku ta dawo mana da shi. Gari kaf ya zo zaman makoki, ana ta kofi da biskit da waƙoƙin coci, ban da Mis Odette. Kunya ce ta hana ta ko tsoro, ban sani ba. Sai da aka watse ta lallaɓo wata yamma, ta sami Mami a bayan gida tana tsinkar barkono. Ina tsaye a taga ina kallo. Mami ta miƙe ta nufe ta. Ta kamo hannunta, ta buɗe tafin, ta ɗora mata barkono guda ɗaya, ta naɗe mata yatsu a kai.

Ko yaron da bai gama iya magana ba a garinmu ya san ba a miƙa wa mutum barkono hannu da hannu. Ajiyewa ake yi ya ɗauka da kansa, in ba haka ba sai kun ɓata. Wasu mantuwa ke sa su yi kuskuren, su yi ta neman tsari. Mami da gangan ta yi. Mis Odette ta kalli hannunta, ta juya ta tafi, kuma shekara tara ke nan ko a coci suka haɗu kowace bango take kallo. Kujerarta ma Mami ta jawo ta gefe ta ɗora mata tukunyar fure.

Ni kuma duk mazan Trinidad zuciyata ta tsallake su, ta je ta sauka a wannan gida. Ku da kuke zagina a ƙasan rubutu, na ji, na gode, sai dai zuciya ba ta neman shawara.

Tun da Mami ta gane ina son Kerwin, ta sauko da babban akwati daga saman kabad ta jingine shi a ƙofar ɗakina. Ƙanwarta Tanti Cyntra da ke can ƙasar waje, a birnin Toronto, ta gyara min ɗaki, kullum sai ta turo min hoton gadon da sabon zanin gado, a ƙasa ta rubuta "yana jiranki, 'yata." Ma Philo ce ta raba gardamar. Ranar nan muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce da Mami,

"Verna, ɗana ne ya mutu. Ni na yi naƙudarsa. In ni zan iya kallon fuskar yaron nan, ke ma idonki ba zai tsiyaye ba. Ya zo ranar niƙan barkono, ya yini a nan. Abin da kika yanke bayan haka, shi ke nan."

Mami ta kalle ni. "Kin ji? Shi ke nan fa."

Na ce na ji. Na ba ta kalmata cewa in ta sallame shi, zan cika akwatin in tafi. Kada ku ce min wawuya. Na ga yadda matar nan ta koma bayan Dadi, ba zan iya zama ta biyu da za ta fice mata daga gida ba da yardarta ba. Kuma na san yadda Mami take sallamar mutum, tunda na taɓa gani ta taga.

Asabar da sassafe wayata ta yi ƙara, saƙon Kerwin ne.

"Wace riga zan sa?"

"Wadda ka gaji da ita."

"Ni fara na goge."

"Niƙan barkono za ka zo, ba baftisma ba."

Ya turo fuska mai dariya, sannan ya ƙara, "Mama ta ba ni saƙo in kawo."

Na yi maza na rubuta, "Saƙon me?"

"Ta ce in rufe bakina."

"Kerwin, don girman Allah ka bar shi a mota."

Ya karanta, bai amsa ba. Na bi shi da kira, ya ƙi ɗauka. Na zauna a bakin gado ina jin kamar in shiga wayar in ja masa kunne.

Sau uku ina canza kaya. A ƙarshe na sa tsohon wandon jins da rigar nan mai ruwan ganye da ya taɓa cewa tana yi min kyau, na ɗaure kitsona da ɗankwali mai ɗigo-ɗigo, na ɗan goga jan baki kaɗan, kaɗan fa. Ina saukowa Mami ta dube ni sama da ƙasa.

"Barkono ba ya duba jan baki."

"Leɓena ne ya bushe, Mami."

"A damina? To Allah ya ba shi lafiya."

Ƙarƙashin gidanmu ya riga ya koma wurin aiki. An ɗaure injin niƙa na hannu a bakin dogon teburin da Dadi ya ƙera. Ga baho cike da mangwaro mai ɗan tsami, wanda bai gama nuna ba, mun fere shi tun jiya. Ga ɗanyar gwanda an ɗan tafasa ta, ga tafarnuwa tuli guda, ga ganyen ƙamshin nan shadobeni, lemun tsami, gishiri, kayan yajin nan mastad, da ruwan khal mai tsami. Kwalaben da muka dafa suna kife a kan tsumma suna tsanewa. A tsakiya kuma ga jan barkonon da muke kira kunama, mai ɗan wutsiya, wanda Mami ta sayo a kasuwa tana ƙunƙuni.

Duk shekara sai ta yi wannan ƙunƙunin. Dadi yana da nasa barkono, rawaya, ƙarami, mai ɗan lotsawa a gindi, irin da ya gada wajen kakansa. In ka fasa shi ƙamshin nunannen mangwaro ne yake fara dukan hancinka, sai ka saki jiki sannan zafin ya biyo baya. Shekarar da ya rasu ruwa ya kwanta a bayan gida, duk bishiyoyin suka ruɓe, Mami kuma a lokacin ko gashinta ba ta tajewa balle ta ajiye iri. Tun daga nan duk yajin da muka haɗa sai ta ɗanɗana ta ce, "Zafi kawai, ba labari."

Ma Philo na kan kujerarta mai lilo tana ɓare tafarnuwa lokacin da muka ji tsayawar mota.

Jama'a, farar rigar ya sa. Fara tas, an goge ta har tana ƙyalli, an cusa ta cikin wando. A hannunsa kuma ga wata jakar takarda an naɗe bakinta. Na harare shi, ya yi kamar bai gan ni ba.

"Barka da safiya, Ma Philo. Barka da safiya, Tanti Verna."

Mami ba ta ɗago daga yankan gwanda ba. "Tantinka tana gidanku."

Ya yi maza ya gyara. "Mis Verna."

"Ka zo."

Ya matso, ya ajiye jakar a ƙarshen tebur da hannu biyu, ya ja da baya kamar wanda ya ajiye ƙwai. "Mama ta ce in ajiye wannan a nan."

"Teburin aiki ne, ba gidan waya ba," in ji Mami. Amma ba ta ce a ɗauke ba, ba ta kuma kalli jakar ba. Ta nuna masa injin da bakin wuƙa. "An ce kai mutumin inji ne. Ga shi nan."

Na yi maza na tura masa safar hannu ta roba a kan tebur. Har ya ɗauka, sai Mami ta ce da baho, ba da kowa ba,

"Lennox dai bai taɓa sa safa ba."

Lennox sunan Dadi ne. Ina kallo Kerwin ya mayar da safar ya ajiye. Na zaro masa ido, na girgiza kai, na yi masa duk alamar da Allah ya hore min, amma namiji in ya shiga gidan surukai hankalinsa a mota yake barin sa. Na ce a raina, to, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ya fara juya inji. Ni ina zuba masa mangwaro da tafarnuwa, shi yana tura kunama da yatsunsa, abin yana fita ta ɗaya bakin, ja-ja-wur, yana zuba a kwano. Ba a jima ba ya fara atishawa. Daga nan hawaye. Daga nan majina. Farar riga ta fara samun ado.

"Yaro, wa ya mutu?" in ji Ma Philo.

"Ba kowa, Ma."

"To ka rage kukan, gishirin da muka auna ya isa."

Na ƙunshe dariya, Mami kuwa ko gezau. Ta matse lemun tsami a kwanon, ta gauraya da muciya, sannan ta fara abin da nake tsoro.

"Kana fita teku?"

"Wani lokaci, Mis Verna. In na gyara inji."

"Wato kana fita."

"Gwaji ne kawai, ba nisa."

"Kowa ma haka yake cewa. Ba nisa. Yanzu zan dawo, ki ajiye min abinci." Ta buga muciyar a bakin kwano. "Na ajiye abincin."

Ni ma na tuna kwanon nan da ya kwana a rufe a kan murhu. Kerwin ya daina juyawa.

"Mis Verna, ba na sakin inji ya fita da ɗan kowa sai na zauna a kansa da kaina, na kai shi na dawo da shi. Tun ina sha bakwai ba ni da wani aiki sai wannan. Babana bai sake taka jirgi ba har ya mutu. Ko kifi ba ya iya ci."

"Ban tambaye ka babanka ba."

"Na sani. Yi haƙuri."

"Juya injin."

Ya juya. Ni dai a raina na riga na fara ninke kaya a akwati. Ina kallon gumi yana gangaro masa daga goshi, yana bi ta gira, ya taru a gefen ido. Na buɗe baki in ce kada ka taɓa, amma kafin kalmar ta fito ya kai yatsu ya share.

Ƙarar da ya yi, na tabbata an ji ta har Venezuela, can tsallaken teku. Ya dafe fuska da hannu biyu, wato ya ƙara wa wuta fetur, ya yi baya ya bangaji tebur, kwalabe suka yi ta kaɗawa.

Ban san lokacin da Mami ta zagayo teburin ba. Sai ganin ta na yi ta cafke wuyan hannunsa duka biyun ta janye daga fuskar, ta zauna a benci ta jawo kansa ta kwantar a cinyarta, ƙaton mutum mai gemu.

"Jovelle, madara! Ta firij, ki yi gudu!"

Na haura bene da gudu na sauko da kwalin madara. Ta buɗe masa ido da gefen ɗan yatsanta tana tsiyayawa, madara na bin kunnensa, tana bin farar riga, yana ta shure-shure.

"Tsaya mana, Boyo! Tsaya, kada ka murza. Haka kake tun kana ƙarami, ba ka jin magana."

Boyo. Sunan da take kiran sa da shi ke nan lokacin da yake yawo a ƙarƙashin gidan nan ba wando. Ni na ji, Ma Philo ta ji, ita ma Mami ta ji abin da bakinta ya faɗa, don nan take ta tamke fuska ta ce in miƙo tsumma.

"Verna," in ji Ma Philo.

"Ina zuwa, Ma."

"Verna, dubi ƙasa."

Ashe da ya bangaji tebur, jakar takardar ta faɗo ta fashe. Barkono ne ya warwatse a ƙasa har ƙarƙashin kujerar lilo. Rawaya, ƙanana, kowane da ɗan lotsawa a gindi. Ma Philo ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ɗaya, ta fasa shi da farce, ta kai hanci. Ƙamshin ya iso inda nake, na ji kamar Dadi ne zai zagayo daga bayan gida da hularsa a karkace.

Mami ta saki kan Kerwin. "Ina kuka samo wannan?"

Ya tashi zaune, ido ɗaya a rufe, madara na ɗiga daga gemunsa. "Wanda kika sa mata a hannu ne."

"Me ka ce?"

"Ba ta yar ba, Mis Verna. Ta shanya shi a taga, ta shuka 'ya'yan a bayan kicin. Duk shekara sai ta sabunta. Ba ta ci, ba ta sayarwa, ko ni ban isa in tsinka ba. Su nuna su bushe, ta ɗebi iri, shi ke nan. Da ta ji naki ya mutu ta so ta aiko, ta rasa ta inda za ta fara. Jiya da yamma ta tsinke su duka. Ta ce in ajiye a tebur, in na kuskura na miƙa miki a hannu kada in dawo mata gida."

Mami ta miƙe. Ta tsallake barkonon a hankali don kada ta taka ko ɗaya, ta haura bene, muka ji ƙofar ɗakinta ta rufu.

Na kalli Kerwin, haushi da tausayi suka haɗe min. "Na ce ka bar shi a mota."

"Jo, uwata ce."

"Ni kuma tawa ce ta shige ɗaki yanzu."

"Ku yi min shiru ku tsince su," in ji Ma Philo. "A kwano, ba a hannun juna ba."

Muka tsince. Na manta da safa, na cire musu hanci ɗaya bayan ɗaya da yatsuna, dalilin da ya sa kuka yi kwana biyu ba ku ji ni ba ke nan. Kunnena yana sama, ina jira in ji ana jan akwati. Ban ji komai ba, kuma shirun ya fi tsoratar da ni.

Da ta sauko, fuskarta a wanke take, ta canza ɗankwali, tana riƙe da farin kwanon tangaran da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Ba ta kalli kowa ba.

"Kai, mai inji. Kwance shi ka wanke tas, har haƙoran. Ba za a haɗa wannan da na kasuwa ba."

Ya kwance, ya wanke, ya ɗaura. Wannan karon ita ta juya da kanta. Ta zaɓi mangwaron da ya fi nuna, ta rage tafarnuwa, ta ce mastad ma kaɗan, kada ya danne ƙamshin. Abin ya fito ruwan zinariya, mai kauri, yana sheƙi. Ta ɗiga a bayan hannunta ta lasa. Na zuba mata ido ina jiran "zafi kawai," amma ba ta faɗa ba. Ta ɗebo a cokalin katako ta ajiye a gaban Ma Philo. Tsohuwa ta lasa, hawaye suka zubo mata sharkaf.

"Zafinsa ne," in ji ta.

"Na sani, Ma," in ji Mami.

Kwalba biyu kacal ya cika. Na kasuwa kuwa ya cika sauran, muka jera su a kan kwanon rufin kicin su sha ranar da ta leƙo bayan yayyafi. Muka ci pelau, dafa-dukanmu ta shinkafa da wake, da soyayyen kifi a ƙarƙashin gida. Mami ta zuba wa Kerwin, ta ƙara masa ba tare da ya roƙa ba, amma ba ta yi masa magana ba, ni kuma ban san yadda zan fassara wannan ba. Mami tana iya ciyar da mutum ya ƙoshi sannan ta kore shi, don a wajenta yunwa daban, hukunci daban.

Da la'asar ya miƙe ya ce zai tafi. A gidanmu duk wanda ya taya niƙa da kwalbarsa yake komawa. Mami ta goge hannu a gaban rigarta, ta wuce jajayen, ta ɗauki ɗaya daga cikin rawaya biyun, ta nufo shi.

Masu karatu, ban taɓa sanin tsawon teburin nan ba sai ranar. Ina ganin ta tana tahowa da kwalbar a hannu, sai ga tagar nan ta dawo min, da tafin Mis Odette a buɗe. Na ce a raina, Toronto, ga ni nan.

Shi kuma bawan Allah, ido a kumbure, kai a ruɗe, ya ga babba ta nufo shi da kyauta. Sai ya yi abin da tarbiyya ta koya masa, ya ɗan rusuna ya miƙa hannu biyu.

Mami ta tsaya. Ta kalli tafukan nan biyu a buɗe a gabanta, jajaye, duk sun kumbura da barkono. Kujerar Ma Philo ta daina lilo. Abin da ya rage kawai ta saki kwalbar.

Sai ji muka yi tas! Ta make masa hannu.

"Sauke hannunka, sakarai! Uban wa ya koya maka karɓar barkono a hannu? So kake mu ɓata?"

Ta dangwarar da kwalbar a kan tebur. "Ga ta nan. Ɗauka."

Ya tsaya yana kallon ta da idonsa ɗaya mai aiki. Sai da Ma Philo ta ce, "Yaro, ɗauka mana kafin ta canza ra'ayi," sannan ya kai hannu ya ɗauka, ya rungume ta a ƙirji a kan rigar da ta tashi daga fara. Ni kuwa na juya baya ina goge fuska da gefen ɗankwali, ina dariya ina kuka, jan bakin nan duk ya tafi.

"Na gode, Mis Verna."

"Wace ce Mis Verna? Tun kana tsirara nake goge maka majina."

"Na gode, Tanti."

"Kuma gobe in ka zo, ka zo da riga ta mutane."

Gobe, jama'a. Ta ce gobe.

Ya kalli ɗaya kwalbar da ta rage a tsakiyar tebur. "Wannan fa, Tanti? In kai wa Mama?"

Fuskar Mami ta sake rufewa. "Tata ce. Amma ba kai za ka kai ba. Ƙafarta lafiya lau, ina ganin ta tana hawa tudun coci. Tana nan a kan tebur."

Ya tafi. Muka shiga wanke-wanke, Mami tana ta faɗa a kan wanda ya bar cokali jiƙe kusa da kwalabe, alhali ba wanda ya bari. Na haura sama na ja akwatin nan da ƙafa na tura shi ƙarƙashin gado, ba ta ce min don me ba. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba wayata ta yi ƙara, Kerwin ne.

"Na faɗa mata."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa."

Na rubuta, "Duk halinsu ɗaya." Na zauna a matakala ina hura yatsuna, ina kallon wayar. Can sai ga shi.

"Jo, ta fito. Ta sa hular coci."

"Yau fa Asabar!"

"Na faɗa mata. Ta ce in ɗauko makulli. Muna hanya."

Na sauko ƙarƙashin gida a guje. "Mami, Mis Odette tana zuwa. Yanzu."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta ci gaba da cuɗa bahon da ta riga ta wanke. Sannan ta ajiye shi. Ta ɗauki tsumma ta goge tebur, ta zagaye kwalbar ba ta taɓa ta ba. Ta je gefe, ta sauke tukunyar furen nan daga kan kujerar, ta kakkaɓe ƙasar da ta taru, ta jawo kujerar ta mayar da ita inda take a da. Ma Philo tana kallo, ta rufe ido kamar mai barci, amma bakinta yana motsi.

Mota ta tsaya a waje. Muka ji an buɗe ƙofa ɗaya, an jima sannan aka buɗe ta biyu. Ta saman shingen furanni na hango farar hula mai faɗi tana tahowa a hankali, ta tsaya daidai ƙofar shiga, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba.

Mami ta riƙe min wuyan hannu. Tafinta zafi rau da barkono.

"Jovelle, me zan ce mata?"

Ta sake ni, ta kalli kwalbar, ta kalli hular. Sai ta mayar da hannayenta biyu baya, ta sarƙe yatsunta gam, kada su kuskura su miƙa komai.

"Je ki buɗe mata," ta ce.